Shin ɗan takarar indifenda zai iya sauya sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Amurka?

Ɗalibin Zariya:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan zaɓen Amurka na 1992. Ross Perot, attajirin nan na jihar Texas, ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa, wato mutum sama da miliyan 19, amma bai ci ko jiha ɗaya ba. Har yau akwai 'yan Republican da ke cewa shi ya kayar da George Bush babba, ya share wa Bill Clinton hanya. Shin maganar nan gaskiya ce? Kuma idan mutum zai tara ƙuri'u masu yawa haka ya tashi a tutar babu, wane tasiri takararsa ta yi?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Amsar tana cikin yadda ake ƙirga ƙuri'a a can. Ba jimillar ƙuri'un jama'a ce ke naɗa shugaba ba, wakilai 538 ne da aka raba wa jihohi da birnin Washington, kuma sai ɗan takara ya samu 270 daga cikinsu. A kowace jiha, ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan gaba ɗaya, ko da tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Magoya bayan Perot sun bazu ko'ina a ƙasar, ba su taru a yanki guda ba, shi ya sa iyakar abin da ya iya shi ne zuwa na biyu a Maine da Utah. Ka kwatanta shi da George Wallace a 1968, wanda ya samu ƙasa da kashi 14 cikin ɗari amma ya ci jihohi biyar na kudu da wakilai 46, domin jama'arsa suna wuri ɗaya. Burin Wallace shi ne ya hana kowa kaiwa 270, saboda idan haka ta faru Majalisar Wakilai ce ke zaɓen shugaba, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya.

Malama Mai Nazari:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ban yarda cewa Perot ne ya kayar da Bush ba. Tambayoyin da aka yi wa masu zaɓe a bakin rumfuna ranar zaɓen sun nuna cewa da Perot bai tsaya ba, da mutanensa sun rabu kusan daidai tsakanin Bush da Clinton, wasu kuma da sun zauna a gida. Matsin tattalin arziki da ƙarin harajin da Bush ya sa wa hannu bayan ya yi alkawarin ba zai ƙara ba, su suka raunana shi. Inda nake ganin ƙorafin ya fi ƙarfi shi ne zaɓen 2000, wanda ake cewa Ralph Nader ya ɗebe wa Al Gore na jam'iyyar Democrat ƙuri'u. Ralph Nader, wanda ya tsaya a ƙaramar jam'iyyar Green, bai kai kashi 3 cikin ɗari a faɗin ƙasar ba, amma ya samu ƙuri'u sama da dubu 97 a Florida, jihar da George Bush ƙarami ya ci da tazarar ƙuri'u 537 kacal a kan Al Gore, kuma ita ta yanke hukuncin zaɓen. Don haka wurin da ɗan takara na uku ya ɗebi ƙuri'unsa, da wanda ya ɗebe wa, sun fi yawansu muhimmanci.

Bamaraɗe:
Yaya Malama, wannan matsala ta tsarin zagaye ɗaya ce. Inda ake zuwa zagaye na biyu, mai zaɓe ba ya tsoron ɓarnatar da ƙuri'arsa a karon farko. A maƙwabciyarmu Benin, Patrice Talon ya tsaya a matsayin indifenda a 2016, ya zo na biyu a zagayen farko bayan firaminista Lionel Zinsou, sannan ya lashe zagaye na biyu da kusan kashi 65 cikin ɗari. Ku kuwa a Najeriya, sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta cewa sai jam'iyya ta tsayar da mutum.

Tsohon Malami:
Na karɓi hujjar Malama, sai dai ina ganin kada mu auna Perot da ƙuri'a kaɗai. Ya shiga muhawarorin talabijin uku tare da Bush da Clinton, ya sayi lokacin talabijin da kuɗinsa yana nuna wa jama'a zane-zanen alƙaluman bashin gwamnati, har gibin kasafin kuɗi ya zama batun da manyan jam'iyyun biyu ba su iya kauce masa ba. Clinton ya sa hannu a dokar rage gibin a 1993, shekararsa ta farko a mulki. Da Perot ya sake tsayawa a 1996 a jam'iyyar Reform da ya kafa, hukumar shirya muhawara ba ta gayyace shi ba, ƙuri'unsa suka sauka zuwa kashi 8. Daga zaɓen 2000 kuma hukumar ta gindaya sharaɗin cewa sai ɗan takara ya kai kashi 15 cikin ɗari a ƙuri'ar jin ra'ayi kafin a ba shi damar hawa dandalin.