Shimfiɗa Intalok a Ƙasar Ƙanƙara

Jiya a majalisarmu ta Unguwar Rimi, magina sun yi ta muhawara kan farfajiyar wani ɗan'uwa da ke Kanada, wadda ta tsattsage bayan hunturu biyu. Kowa ya yarda ruwa ne mugun. In ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya ɗaga ƙasa, siminti ya fashe (mu nan damina ke mana tata ɓarnar). Shawarar ita ce a haƙa da zurfi, a zuba tsakuwa hawa-hawa ana daddaɓewa, a ɗan karkata daɓen don ruwa ya gangare. Yawanci intalok suka zaɓa, ko ya motsa ana cirewa a mayar. Gishirin narkar da ƙanƙara kuwa, a rage shi, yana cin siminti.