Neman shawara: wane littafi ne na saye, wanne ne na aro?

Maman Biyu, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen masu karanta littattafan Hausa na manya, ina nufin ƙagaggun labarai irin na zaman aure da kishi da rabon gado, ba na yara 'yan makaranta ba. Ni ɗinki nake yi a gida, karatu sai bayan isha'i in yara sun kwanta, kuma abin da nake iya warewa na littafi a wata bai wuce dubu biyu ba, in ya wuce haka to kuɗin cefane na taɓa. Watan jiya na tura wa wata marubuciya kuɗi ta sa ni a guruf ɗinta na waya inda take sakin labarin kaɗan-kaɗan, labari ya ɗauko daɗi, ana zuwa daidai inda asirin uwar miji zai tonu sai ta ce ba ta jin daɗi, daga nan shiru har yau, ba littafi ba kuɗi. Wani kuma na saye shi kammalalle, firi feji ɗinsa, wato shafukan farko da ake bayarwa kyauta a ɗanɗana, tsaf ba abin ƙi, ina shiga ciki sai batsa tsirara, dole na goge saboda babbar 'yata tana ɗaukar wayata ta yi aikin makaranta. To yaya kuke gane littafin da ya cancanci a sa masa kuɗi tun kafin a biya? Wanne ne kuma ya fi a ara kawai a karanta a mayar? Na gode.

'Yar Wunti:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, wlh abin da ciwo. Ni dokata ɗaya ce, ba na biyan kuɗin littafin da ba a gama ba ko da marubuciyar ƙawata ce. Ki tambaye ta kai tsaye, an kammala? Feji nawa ne? In ta ce ana kan rubutawa ki ce Allah ya ba da sa'a, in an gama a taɓo ki. Sannan ki duba littattafanta na baya, ta kai su ƙarshe ko duk a hanya ta bar su. Wadda ta gama uku huɗu da wuya ta gudu da kuɗinki.

Hajiya ta Kobi:
'Yata bari in ba ki nawa na tsofaffi. Mu lokacinmu shagon haya muke zuwa, mai shago yana da wani dogon littafi da yake rubuta sunanki da sunan abin da kika ɗauka da ranar da za ki dawo da shi, wani ma sai kin ajiye kuɗin jingina. To a nan muka koyi gane littafi, wanda kika ga bangonsa ya sha salatif, gefen takardun ya yi baƙi saboda hannu, mai shago ya sake ɗinke shi da zare, wannan mutane sun karanta sun aiko 'yan uwansu. Wanda ya shekara yana sheƙi a kan kanta kuwa ba sai an faɗa miki ba.

Ni yanzu abin da nake tambayar kaina kafin in fitar da kuɗi shi ne, zan sake buɗe shi bayan shekara? In na bar shi a kan gado jikata ta ɗauka zan ji kunya? In zan sake karantawa kuma ba abin kunya, na saye ne. Irin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, tun 1990 ya fito amma har gobe in na karanta yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe su, sai in ga gidajen da na sani da idona a nan garin. Wannan littafin ajiyewa ne, in 'yarki ta isa aure ki miƙa mata. Amma na soyayyar da tun shafi na goma kin san mai kuɗin nan mai ɗaure fuska shi zai aure ta, ki ara, dare biyu kin gama kin mayar, kuɗinki na aljihunki.

Malamin Hausa, Azare:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, Maman Biyu, kada firi feji ya ruɗe ki, domin nan ne marubuci yake zuba duk ƙarfinsa, kamar tumatirin da ake jerawa a saman kwando ne. Ki nemi wadda ta riga ta saya ta karanta miki shafi biyu daga tsakiya ko ta ba ki wayarta ki duba a gabanta. A tsakiya ake gane mai labari da mai jan lokaci. In kin ga shafi uku ana kwatanta leshin da ta ɗaura da motar da ya shigo da ita da kalar labulen falo kuma ba abin da ya faru, to an ja ne don a cika feji a raba littafin kashi uku a karɓi kuɗi sau uku. Ki kuma saurari maganar mutanen ciki, tsohuwa tana magana irin ta tsohuwa? Direba yana magana irin ta tasha? In kowa bakinsa ɗaya, daga kaka har jika, marubucin bai zauna da mutane ba.

Na saye kuwa, tunda 'yar Bauchi ce ke, ban ga dalilin da gidanki zai rasa Shaihu Umar ba. Sir Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta shi, yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Labarin ma a Rauta yake farawa, kusa da Bauchi. Mutane suna ɗaukarsa littafin jarrabawa ne kawai, amma ki karanta shi yanzu da kike uwa, ki bi mahaifiyar Umar tana ratsa hamada tana neman ɗanta da aka tafi da shi, za ki ga ba na yara ba ne. Siriri ne kuma, ba zai cinye kuɗin watanki ba. In kina son na rikicin duniya ki nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci yake. Ki tambaya a shagunan da ke sayar da littattafan makaranta, su suka fi ajiye irin waɗannan.

Ɗaliba, Yelwa:
Malam a yi haƙuri amma kullum in an yi tambaya sai a mai da mu littattafan da, alhali Anty na yanzu take tambaya. Akwai masu rubutu a waya da suka iya wlh, suna taɓo abin da ke damunmu yau, shaye-shaye a cikin matan aure, bashin biki, auren da aka haɗu a Facebook. Anty ni yadda nake yi ina bin sunayen waɗanda suka yi fice a gasar Hikayata ta BBC Hausa, a 2016 aka fara ta domin mata zalla, wadda labarinta ya tsallake alƙalai ko ba komai ta san yadda ake buɗe labari a rufe shi. Sai in nemi sauran rubutunta. Sannan akwai da yawa kyauta a Wattpad, manhajar karanta labarai a waya, ki fara ɗanɗana alƙalamin mutum a can kafin ki tura masa ko sisi.

Malamin Hausa, Azare:
Gaskiyarki ƙanwata, ban ce na yanzu ba su da kyau ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ma da ya fito a 1991 ai cikin waɗanda ake wa kallon adabin kasuwar Kano yake, yau ga shi ana nazarinsa a jami'a. Gwajin tsakiyar littafi da na faɗa ya hau kan tsoho da sabo.

Maman Biyu, Fadaman Mada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To maganar aro fa, in ƙawata ta sayi littafi a waya ta turo min, shi ma aro ne ko?

Marubuciya, Gwallaga:
Yauwa, dama nan nake jira a zo. Anty don girman Allah a'a. Littafin takarda in kin ara, yana hannunki ba ya hannunta, kin gama kin mayar. Na waya in ta turo miki ya zama biyu, ke ma ki tura wa ƙanwarki ya zama uku, kafin sati yana yawo a guruf goma, wadda ta rubuta kuwa mutum ashirin ne suka biya ta. Ni da babban yatsa nake bugawa a waya, feji ɗaya yakan ci min awa biyu, ga data ga kuɗin caji in ba wuta, wani lokacin yaro na bayana yana kuka. In an rubuta a sama cewa na kuɗi ne kada a fitar, to haƙƙi ne, kuma wasu da kuke gani sun tsaya a tsakiya ba rashin lafiya ba ce, gani suka yi ana raba wahalarsu kyauta zuciyarsu ta mutu. Ban ce wadda ta riƙe miki kuɗi ta kyauta ba, ko kaɗan, ya kamata ta gama ko ta mayar wa kowa nasa, ki yi mata magana ta fili cikin mutunci ki nemi kuɗinki. In kina son ɗanɗanawa ki karɓi wayar ƙawarki ki karanta a zaune, ko ki roƙi marubuciyar ƙarin feji, da yawanmu za mu ba ki.

Maganar batsa kuma ki tambaya kafin ki biya, ki ce 'yata na taɓa wayata, akwai abin da bai dace ta gani ba? Mai tsoron Allah za ta faɗa miki gaskiya. In kuma kin ga tallan yana ta nanata na matan aure ne zalla, budurwa kar ta karanta, an kuma tsuga masa kuɗi fiye da saura, to yawanci kin san abin da ake sayarwa. Akwai masu rubuta matsalar shimfiɗa da ilimi da sakaya zance, waɗannan daban, ba sa buƙatar irin wannan tallan.

Abban Yara, Bakin Kura:
Ƙarin bayani kaɗan. Abin da kike son ajiyewa ki nemi na takarda in akwai. OkadaBooks da mutane suka yi ta sayen littafi a ciki an rufe shi a ƙarshen 2023, waya kuma tana faɗawa ruwa ko a sace. Masu sauraron littafi a YouTube su lura da data, dogon labari yana iya cin abin da ya fi kuɗin littafin.

Hajiya ta Kobi:
Ni kam da za ku ji tawa, ku haɗu ku biyar 'yan unguwa ɗaya ku yi adashin littafi. Kowace ta sayi na takarda ɗaya a wata, ta rubuta sunanta a cikin bango, duk Juma'a a yi musaya, wadda ta yaga ko yaro ya zuba masa miya ta biya. Da kuɗin ɗaya kin karanta biyar kuma ba ki ci haƙƙin kowa ba. Ina da kwali guda na tsofaffi a ƙarƙashin gado, wadda za ta riƙe amana ta zo ta zaɓa.

Maman Biyu, Fadaman Mada:
Hajiya ni ce ta farko in sha Allah, zan biyo ki ta akwatin saƙo ki kwatanta min gidan. Na kuma yi wa waccan marubuciyar magana yanzu kamar yadda aka ce, ina jiran amsarta. 'Yan Fadaman Mada da kewaye masu son adashin nan ku ɗaga hannu a ƙasa, mutum huɗu nake nema, mu fara farkon wata.