Darasin girman yaro ga masu karatun fisiyo: me ya kamata a karanta?

Hauwa Angwan Rogo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata ce ke karatun taimaka wa likitan gashi, wato likitan fisiyo mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, wannan zangon kuma an ba su darasin yadda ɗan Adam ke girma tun daga jariri har tsufa. Jarrabawa ta matso, ta ce sunaye sun cika mata kai. Don Allah a taimaka mana da abin da za ta karanta wanda ba zai ci kuɗi ba.

Malam Dauda: Wa'alaikumussalam Hauwa. Sunayen da ake yawan tambaya ba su da yawa. Ta riƙe Piaget da matakansa 4: haihuwa zuwa shekara 2, 2 zuwa 7, 7 zuwa 11, sai 11 zuwa sama. Ta riƙe Erikson da matakansa 8, shi ne ya bi mutum har tsufa. Sai Vygotsky, wanda ya ce yaro na koyon abin da ya fi ƙarfinsa kaɗan idan babba ya kama masa, da Bowlby a kan shaƙuwar jariri da uwa. Shafin intanet na OpenStax na da littafin saikoloji kyauta, ta sauke a waya.

Anti Ladi Bukuru: Malam ya ba da na jarrabawa, bari in ba da na aiki. Na daɗe a sashen gashi, kuma ɗaliban da ke zuwa mana da hadda kaɗai su ne suke rikicewa idan aka miƙo musu yaro. Hauwa, ba ku da yara a gida? Ta zauna da su mana. Ta samu jariri ɗan wata 5 ta nuna masa mukulli, sai ta rufe da mayafi: zai kau da kai kamar mukullin ya bar duniya. Ta yi wa ɗan wata 10, zai ja mayafin ya ɗauki abinsa. Ta zuba ruwa daidai a kofi biyu gaban 'yar shekara 4, sai ta juye ɗaya a dogon gilashi siriri, ta tambaye ta wanne ya fi yawa. Za ta nuna dogon. Ɗan shekara 8 zai ce ai duk ɗaya ne. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake mance Piaget.

Hauwa Angwan Rogo: Kai, Anti, Allah ya saka. Yara kam gidanmu a cike yake.

Sadiq Farin Gada: Ni a aji 3 nake, saikoloji a Jami'ar Jos. Ta nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa wajen waɗanda suka gabace ta. Na ɓangaren fisiyo kuma Physiopedia, shafin intanet na masu fisiyo, ba ta da na biyu, kyauta ce.

Anti Ladi Bukuru: Physiopedia na da kyau. Amma abin da nake so ta sa a ranta shi ne jerin motsi: riƙe wuya, juyi, zama, rarrafe, tsayuwa, tafiya. Daga kai ƙarfin ke saukowa zuwa ƙafa. Yaron da wuyansa bai tsaya ba, ba a fara masa da koyon tafiya, ko da kuwa uwar tafiyar take roƙo. Kuma ta nemi jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, da aka yi da yaran ƙasashe 5, har da Ghana. Ya nuna zama ba tare da an riƙe ba na zuwa daga kusan wata 4 har wata 9, tafiya kuma daga wata 8 har kusan wata 18. Kusan yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba, kuma suka tashi lafiya lau. Na faɗi wannan ne saboda iyaye na shigowa da kuka don ɗan maƙwabta ya riga nasu tafiya, wasu kuma na zaune a gida da yaro ɗan shekara 2 da bai zauna ba, ana ce musu nauyin jiki ne. Na biyun ne ke ƙona min rai.

Maman Khalil: Anti Ladi, gaskiya kika faɗa. Nawa shawara ta kama shi a makon haihuwa, aka ce mu riƙa shanya shi a hantsi mu ba shi ruwan gulukos. Kafin mu kai asibiti ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yanzu CP gare shi, wato lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana jiki motsi yadda ya kamata, muna zuwa gashi. Hauwa, ki gaya wa ƙanwarki ta karanta abin da ke jawo shi: shawarar jarirai, doguwar naƙuda da yaro ya fito bai yi kuka ba, sanƙarau. Kuma ta koyi yi wa uwa magana. Wadda ke yi wa Khalil, kafin ta taɓa shi sai ta tambaye ni ya muka kwana, ko ya yi barci. Lokacin sanyin Jos jikinsa ya fi sanƙarewa, sai ta murza hannunta ya yi ɗumi tukuna ta kama ƙafarsa. Ita ta koya min yadda zan goya shi ƙafafu a buɗe.

Hauwa Angwan Rogo: Allah ya ba Khalil lafiya, ya ba ki ladan haƙuri.

Maman Khalil: Amin, na gode.

Malam Dauda: Amin. Idan ta kai kan CP, ta duba ma'aunin GMFCS, matakai 5 ne, daga yaron da ke tafiya da kansa har wanda sai an ɗauke shi. Kada kuma ta tsallake babin tsufa don ana ta maganar yara. Masu shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa da baya za ta fi gani. Dattijon da ya ciyar da gida shekara da shekaru, yau sai an kama shi zuwa bayi, idan ya ƙi motsa jiki ba taurin kai ba ne kawai. Matakin Erikson na ƙarshe ke nan, mutum na auna rayuwarsa. Ta kira shi Baba, ta nemi izini kafin ta ɗaga masa riga, idan kuma ya fi sakewa da namiji a nemo masa.

Injiniya Bala: Tambaya daga gefe. Ɗana ma na sha'awar wannan layin. Na ga a Amurka shekara 2 ake yi a zama mataimaki. A nan fa?

Anti Ladi Bukuru: Na Amurka tsarinsu ne, kuma ko can mataimaki a ƙarƙashin likitan fisiyo yake aiki, ba ya tsara magani da kansa. A nan hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista. Kafin ka biya ko sisi a wata makaranta, Injiniya, ka tabbatar hukumar ta san da kwas ɗin. Idan takardunsa sun yi kyau, ni da digirin zan ce ya nema kai tsaye. Jami'ar Bayero da ta Maiduguri sun daɗe suna yi.

Injiniya Bala: Yana da Bayoloji da Kemistiri, Fiziks ne ya samu matsala.

Anti Ladi Bukuru: To ya sake zama ya gyara Fiziks ɗin tukuna, ba a shiga ba shi.