Yadda almuwar ta cikin kwali za ta bar girgiɗi

To ga abin da mutane suka ce kan almuwar da tebur ɗin nan masu zuwa a kwali da ake saidawa nan Yamai. Yawanci sun yarda a sa kol na katako a ramukan ƴan turakun da ke haɗa allunan kafin a haɗa, amma ƴan haya sun ƙi, wai ran tashi ba ta kwancuwa, kuma gaskiyarsu.

Kar a ɗaure bis tamau sai komai ya zauna, kuma da hannu, inji na cinye ramin tunda garin katako ne aka matse. Wani kafinta ya nace kan allon baya, shi ke riƙe almuwar duka, a auna kusurwa zuwa kusurwa su zo daidai sannan a buga ƙusa da yawa. Doguwa a kafe ta da bango saboda yara. Ruwan goge ɗaki kuwa kumbura ƙasanta yake, a ɗora ta bisa ƙafafu.