Me zan zuba wa Inna a jakar sanyi ranar zuwa asibiti?

Mai jinya daga Gwadabawa:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana karɓar maganin ciwon daji ta hanyar ƙarin ruwa, wanda ake kira kemo, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Muna barin gida bayan sallar asuba, kuma ba mu cika dawowa ba sai bayan la'asar. Ƙamshin abinci mai zafi yana tayar mata da zuciya, shinkafar da nake ɗaukowa a kula kuwa kafin azahar ta fara gumi. An ba ni shawara in sayi jakar nan mai shimfiɗar azurfa a ciki. Shin za ta yi amfani a zafi irin namu, kuma me ya dace in zuba?

Ma'aikaciyar jinya, Mabera:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Jakar tana da amfani, sai dai ba ta ƙirƙirar sanyi, wanda aka ba ta kawai take tsarewa, don haka idan babu ƙanƙara a ciki ba ta fi jakar kasuwa ba. Ki daskarar da ledojin fiya wata tun da dare, ki shimfiɗa wasu a ƙasa, ki ɗora wasu a bisa abincin, sannan kada a bar jakar cikin mota a rana.

Dalilin wannan tsanani shi ne kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, kuma sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan. Abincin da zai sa mai lafiya ɗan murɗawar ciki yana iya kwantar da mai kemo. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, awa 1 idan zafi ya haura digiri 32. A Sakkwato kuwa, inda bazara ke wuce 40, ƙa'idar awa ɗaya ce tamu. Shinkafar da ta yi ɗumi-ɗumi a kula ita na fi tsoro, domin gubar da ke taruwa a cikinta ba ta mutuwa ko an sake ɗumamawa.

Magidanci daga Arkilla:
Malama, na yi jinyar maiɗakina, kuma abin da na lura shi ne babban kwano yana kashe mata sha'awar ci tun kafin ta ɗanɗana. Ƙananan robobi muka koma yi: alale marar yaji, ƙwai da ya dahu sosai, ayaba da ɓawonta, da dabinon da aka wanke. Abinci mai sanyi ba ya tashin ƙamshi, shi ya sa yake shiga. Kunun gyaɗa kuma a fulas ɗinsa daban, ba a haɗa shi da kayan sanyi. Da ta fara jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, cokalin roba ya rage mata.

Mai jinya daga Gwadabawa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To fura da nono fa? Ita kaɗai Inna ke nema da bakinta.

Ma'aikaciyar jinya, Mabera:
Kada ki hana ta fura, nonon za ki canza. Na talla ba a da tabbacin an tafasa madararsa, kuma ya yini a ƙwarya cikin rana. Ki yi furar a gida, ki dama da yogot na kanti wanda aka rufe, da ruwan da aka tafasa ya huce, ki sa a roba mai murfi kusa da ƙanƙara. Latas, zoɓon titi da tsiren da ya jima a tire su dakata tukuna. Ki kuma tambayi likitanta sunan maganin, domin akwai irin su oxaliplatin da ke sa abin sanyi ya shaƙe maƙogwaro na 'yan kwanaki, a nan sai a bar abincin ya saki sanyi kafin ta ci. Idan zafin jikinta ya kai digiri 38, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma asibiti nan take.