Auren gidajen attajiran birnin Kano a da: wa ke ɗaukar nauyin?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ina neman bayani kan yadda attajiran cikin birnin Kano, musamman fataken goro na ƙarni na 19 zuwa farkon zamanin gyaɗa, suke ƙulla aure a tsakaninsu. Daga nema zuwa kai amarya me da me ake yi? Gaskiya ne sadakin 'yar attajiri ya fi na kowa nesa ba kusa ba? Kuma me ya sa ake cewa ba sa son aurar da 'ya'yansu a waje?

Malam Na Madabo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: sadaki daban, dukiyar aure daban. Sadaki haƙƙin yarinya ne, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Gidajen mutunci ba sa tsawwala shi, don ana ganin albarka na cikin sauƙinsa, kuma in aure ya zo mutuwa ta hanyar hul'i shi za a mayar wa miji. Uba mai hankali ba ya ɗora wa 'yarsa abin da zai ɗaure ta gobe.

Yaro ba ya zuwa da kansa. Baffanninsa ne ke zuwa wurin waliyyin yarinya, wanda sau da yawa ƙanin ubanta ne ko wansa, domin uba na jin kunyar tsayawa a kan maganar 'yarsa, balle 'yar fari. In an amsa sai a kai kuɗin gaisuwar iyaye, a raba wa dangin uwa da na uba. Daga nan baiko, da goro, wanda ke sanar da gari cewa an ba da ita. Tsakanin baiko da biki akwai toshi, wato abin da saurayi ke aikawa duk salla. Sannan sa rana, lefe, kamu, sa lalle, ɗaurin aure, wankan amarya, kai ta ɗakinta, sayen baki da buɗar kai.

Kuɗin wancan zamani kuwa wuri ne. Keso guda wuri zambar ashirin ne, wato 20,000, kaya guda na ɗan dako. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 wuri 2,500 ne ke sayen liyari ɗaya na azurfa, kafin ƙarshen ƙarnin kuma darajar wuri ta faɗi ƙwarai. Shi ya sa manyan gidaje suka fi son adana dukiyar 'ya mace a azurfa da murjani da tufafi.

Inda rigima ta fi tashi shi ne fasa aure bayan baiko. Toshin shekara biyu ko uku ya taru, in ɓangaren yarinya ne suka janye sai a je gaban alƙali a lissafa a biya. Don haka ake kai komai ta hannun 'yan aike da idon shaidu.

Gwaggon Koki:
Malam ya faɗi gaskiya, amma bai shiga cikin gida ba, can kuwa dukiyar take ƙonewa. 'Yar nan, gidan amarya ne ke kashe abin da ya fi yawa, ba gidan ango ba.

Lefe sunan kwando ne na saƙar kaba, shi aka fara zuba kayan a ciki kafin a koma kwalla, daga baya fantimoti da akwati. A gidan masu hali za ki samu saƙi, da tsamiya, da barage mai ratsin alharini wanda ake kawowa daga Tarabulus ta hamada, da turkuɗin Kura mai sheƙi wanda in kin taɓa shi sai shunin ya kama miki yatsu. Mata tsofaffi na buɗe shi ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, suna ɗaga kowane zane sama a gani, a ƙirga. Zanen uwa da rigar uba ba sa ɓacewa a ciki.

To duk wannan bai kama ƙafar kayan ɗaki ba. Uwa tana fara tari tun yarinya na goye: tasoshin tagulla, ƙoren da aka yi wa zane, daga baya kwanukan sha da langa da suka cika kasuwa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ranar jere ana ɗora su kan juna tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa ƙarami a sama, an goge su da toka suna ɗaukar ido. Ba na girki ba ne. Dukiyar yarinya ce ta kanta, miji ba shi da iko a kai, in ta shiga matsi ta sayar, in ta haifi mace ta ɗora mata a kai. Bayan haka ga gara: buhunan gero da shinkafa, man shanu, alkaki, nakiya, dubulan, abin da zai riƙe gidan ango wata da watanni.

Abin da ke karya mata shi ne biki. Ƙawarki ta kawo miki gudummawa, ranar nata ke kuma ki ninka. Tana ninkawa kina ninkawa har abin ya gagari ɗayanku, sai a zauna a yanke a koma ƙasa. Wadda ta ƙi yarda ta gaza ita ce ke cin bashi. Sai kuma gasar kishiyoyi: in jeren amarya ya danne na uwargida, an shuka gaba tun ranar farko, shi ya sa ango mai dabara ke yi wa uwargida kayan faɗar kishiya na kirki.

Jikan Fatake:
Tambayarki ta uku ita ce ƙashin bayan maganar, ƙanwata. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne manyan masu fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, kuma ayari kan yi wata shida har zuwa shekara kafin ya dawo. Babu banki, babu takardar da za ta kamo maka mutum a Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja. Wa za ka danƙa wa jakuna da jarinka? Ɗan ɗan'uwanka wanda 'yarka ke ɗakinsa. Haka nan maigida kan yi wa amintaccen yaronsa aure, ya biya komai, ya ba shi ɗaki da jari. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga zuriyar Agalawa ya fito, kuma irin wannan sarƙar ta dangi da yaran gida ce ta koma sayen gyaɗa daga 1912.

Akwai kuma lissafin gado. 'Ya mace na da rabin rabon namiji, in ta auri bare rabonta zai gangara ga 'ya'yan wani gida. In ɗan baffanta ta aura, gida da fili suna nan inda suke.

Sai dai ba duka ake rufe ƙofa ba. Attajiri kan ba malami 'yarsa auren sadaka, shi ya biya sadakin ya kuma yi kayan ɗaki, don neman albarka da jingina da gidan ilimi. Auren zumuncin kuma yana da tasa illar: in ya mutu ba mutum biyu ne suka rabu ba, wa da ƙani ne suka daina gaisawa, wani lokaci har a raba jari ayari na hanya.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Gwaggo, kwana nawa amarya ke yi a lalle?

Gwaggon Koki:
A da budurwa kan kai kwana bakwai, ba a gidan ubanta ba, a wurin wata gwaggo ko uwar riƙo. Alwanka ke kula da ita, ita ke yi mata wanka, ana zura hannunta cikin zunguru don lallen ya kama har gwiwar hannu. Bazawara ba a yi mata wannan, a ɗaura da safe ta tare da daddare.