Neman asalin kakan da aka kora daga Ailan zuwa Ostireliya

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum. Mijin ƙanwata ɗan Ostireliya ne, ya roƙe ni in taya shi binciken kakan kakansa da Turawan Ingila suka kora daga Ailan bisa laifin satar tumaki. Abin da ke hannu sunansa ne kawai, da cewa mutumin Kok ne, wani gari mai tashar jirgin ruwa a Ailan, kuma an tafi da shi wajen 1840. Malamai, ta ina ake kama bakin zaren?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Kada ka fara da Ailan, fara da Ostireliya. A Yunin 1922 gobarar yaƙin basasa ta cinye gidan ajiyar takardun gwamnati da ke Dablin, babban birnin Ailan, rajistar waɗanda aka kora kafin 1836 ta tafi a ciki. Ostireliya kuwa takardunta na nan.

Abu na farko sunan jirgi. A can, fursuna da sunan jirginsa ake kiransa har ya samu 'yanci, kamar yadda mu nan muke haɗa mutum da sunan mahaifi. Masu suna ɗaya suna da yawa, jirgi da shekarar sauka ne ke raba su. Ka kula, jirgi ɗaya yakan yi sawu biyu ko uku, don haka suna ba shekara bai isa ba.

Shekarar da ka ambata tana kan gaɓa. A 1840 aka daina kai fursunoni Sidni, sai aka koma tsibirin Tasmaniya har 1853. In ya sauka kafin a daina kai su Sidni, duba takardun jiragen fursunoni na ma'ajiyar jihar New South Wales, inda Sidni take. In bayan nan ne, shiga Tasmanian Names Index, rumbun sunayen Tasmaniya a intanet, kyauta ne, kuma za ka ga hoton ainihin shafin. Rajistar maza masu lamba CON31 da CON33 ita ce mai tsoka: laifi, inda aka yi shari'a, kowane hukunci da ya sha a can. Akwai kuma bayanin kamanni: tsawo, launin ido, tabo, zanen jiki. Da wannan ake tabbatar da mutum idan shekarun haihuwa suka saɓa.

Ma'aikaciyar Laburare:
Malam ya gama magana kan jirgi. Sai dai Yaya, ka yi hattara da "mutumin Kok". Daga tashar Kok jirage da yawa suka tashi, tun jirgin Queen na 1791, shi ya sa iyali kan riƙe sunan tashar su ɗauka garinsu ne. A takarda gurabe biyu ne daban, inda aka yanke hukunci da garin haihuwa. Na biyun kake nema.

Da ka samu jirgi da shekara, koma shafin ma'ajiyar takardun ƙasar Ailan, akwai rumbun sunayen waɗanda aka kora. Rajistar 1836 zuwa 1857 ta tsira, amma layi ɗaya ne: suna, shekaru, laifi, wa'adi, yawanci shekara 7 ko rai da rai. Abin da ya fi daraja shi ne takardun neman sassauci masu lamba CRF. Mata ko uwa ko limamin coci ne ke rubutawa, su faɗi yawan 'ya'ya da sunan ƙauye da mai gonar da suke haya. Ba kowa aka rubuta wa ba, rashin ganin sunansa ba ya nufin ba a kore shi ba. Gwada sunan da O ko Mc a gaba, ka gwada babu, domin magatakarda da kunne suke rubutu.

Ɗan Mabera:
Allah ya ƙara sani. Na duba jerin fursunoni na laburaren jihar Queensland ban gan shi ba, har na fara sarewa.

Malamin Tarihi:
Kada ka sare. Wancan jerin daga rajistar Ingila aka ɗauko shi, waɗanda aka yi wa shari'a a kotunan Ailan galibi ba sa ciki.

In ka samu sunan ƙauye, ka san rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1864 ta fara a Ailan, ba za ta yi maka amfani ba. Littattafan cocin Katolika za ka bi, laburaren ƙasar ya ɗora hotunansu a intanet tun 2015, amma ba a neman suna a ciki, sai ka san cocin ka bi shafi-shafi, wasu da Latin. Sunayen gundumomi ma sun sauya: King's County yanzu Offaly, Queen's County kuma Laois.

Sannan ka nemi sunan jirgin a Trove, rumbun tsofaffin jaridun Ostireliya, don ranar sauka da sanarwar takardar sassaucinsa. Littafin likitan jirgin yana ma'ajiyar Landan ƙarƙashin lamba ADM 101. In kakan ya yi ciwo a teku, sunansa da shekarunsa da maganin da aka ba shi suna ciki.